Na tarar da katin gidan waya a ƙofa, na nemi a sake kawo kayana amma shiru

Tambayar da wata baiwar Allah ta yi ita ce: "Na dawo daga aiki na tarar da kati daga gidan waya, wai an kawo mini saƙo ba a same ni ba. A daren na shiga shafinsu na nemi a sake kawowa, suka turo mini amsa cewa sun karɓi buƙatata. Yau kwana uku ke nan shiru kamar an shuka dusa, lambar bibiyar kayan ma ba ta motsa ba. Takardu ne masu muhimmanci a ciki. Sun ɓata ne? Me ya kamata in yi?"

'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki tukuna. Na yi shekaru ina aiki a ofishin rabon saƙonni, wani lokaci a taga ina sallamar mutane, wani lokaci a sito inda ake jera kayan da masu rabo suka dawo da su, kuma abin da idona ya gani shi ne kayan da aka bar wa kati ba kasafai suke ɓata ba. Katin da ke hannunki shaida ce cewa takardunki sun iso, wani ya tsaya da su a ƙofar gidanki, ya kuma koma da su. Mai yiwuwa yanzu haka suna kan kanta a wani ɗaki, an manna musu 'yar takarda mai kwanan wata. Wannan kwanan watan ne ya kamata ya dame ki. Tun ranar da aka rubuta katin aka fara ƙirga miki kwanaki, in suka cika kuma ba ki karɓa ba, za a mayar wa wanda ya aiko.

Wa'adin ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, har ma daga wani nau'in saƙo zuwa wani. A Amurka, gidan wayar ƙasar, wato USPS, na riƙe yawancin kaya kwana 15, amma saƙon gaggawa na Priority Mail Express kwana 5 kacal ne, wanda kuma ake biyan kuɗinsa lokacin karɓa kwana 10. A Birtaniya, Royal Mail na ajiyewa kwana 18. Canada Post kwana 15 ne, kuma in kwana 5 suka wuce ba a zo ba sukan aiko da kati na biyu, na ƙarshe. A Faransa wasiƙar rajista na jira kwana 15, a Japan kwana 7, a Ostireliya kwanakin aiki 10, a Jamus kwanakin aiki 7, kuma can Asabar ma ranar aiki ce a wannan lissafin. Ki duba da kyau ko katinki kwanakin aiki yake nufi ko kwanakin kalanda, domin mai ƙirga na kalanda ba ya tsallake Lahadi, ba ya tsallake ranar hutu. Abin da aka rubuta a katinki shi ne abin bi, ba abin da maƙwabciya ta ce an yi mata bara ba.

Akwai wani dattijo da har yau nake tunawa da shi. Ya yi tafiya, ya dawo bayan kwana tara, ya tarar da kati a cikin tarin takardun talla da aka cusa masa ta ƙarƙashin ƙofa. Sai ya fara ƙirga wa'adinsa daga ranar da ya ga katin. Ya zo taga hankalinsa kwance, yana ganin yana da sauran mako guda. Takardun shaidar karatun 'yarsa ne a ciki. Na karɓi katin na nuna masa kwanan watan da mai rabo ya rubuta da biro a kusurwa, ruwan sama ya ɗan wanke rabinsa. Ni da hannuna na buga wa ambulan ɗin hatimin komawa da yamma, kwana ɗaya kafin zuwansa. Ya tsaya yana juya katin, gaba da baya, bai ce uffan ba. Babu abin da zan iya yi masa, buhun ya riga ya tafi. Sai da aka yi makonni kafin takardun su sake dawowa, kuma sai da mai aikowa ya sake biyan kuɗin aike. Tun daga ranar, duk wanda ya tambaye ni irin tambayarki, abu na farko da nake ce masa shi ne ya ɗauki biro ya rubuta ranar ƙarshe a wurin da idonsa zai riƙa gani.

Yanzu ki ɗauko katin ki karanta shi gaba da baya. Yawancin mutane suna ganin lamba sai su ruga shafin intanet, ba su duba wurin da mai rabo ya sa alama ba. Wurin nan ne ke gaya miki dalilin da ya sa bai bar kayan ba: ko ana buƙatar sa hannu, ko sun fi ƙarfin akwatin wasiƙunki, ko bai ga wurin da ya aminta ya ajiye ba, ko get a kulle yake, ko akwai kare a sake, ko akwai kuɗin da za a biya, ko kuwa sai ya ga katin shaida. Muddin dalilin na nan, sake kawowa maimaici ne kawai. Mai rabo yana da hanyarsa tsararriya, titi bayan titi, gida bayan gida, shi ya sa kusan kullum lokaci ɗaya yake isa ƙofarki. In ranar Litinin ya zo da hantsi kina wurin aiki, ranar Alhamis ma da hantsi zai zo kina wurin aiki. Yawancin gidajen waya rana suke bari ki zaɓa, ba sa'a ba. Japan na cikin 'yan ƙalilan da ke ba mutum damar zaɓar tsakanin ƙarfe kaza da ƙarfe kaza. Na sha ganin kaya sun fita sau biyu sun dawo sau biyu, mai su na ta fushi, alhali ba a taɓa samun kowa a gidan ba a lokacin da motar ke bi ta layin.

Tunda naki takardu ne, kusan tabbas sa hannu ake nema. Saboda haka kada ki zaɓi ranar da babu babban mutum a gida tun safe har la'asar. Wasu gidajen waya suna yarda ki sa hannu a bayan katin ki bar shi a akwati, a matsayin izinin a ajiye miki. Katin USPS, wanda suke kira fom 3849, yana da wurin wannan a bayansa. Amma akwai saƙonnin da mai aikowa ya biya don a damƙa su hannu da hannu ga mai sunan kaɗai ko wakilin da ya amince da shi a rubuce, waɗannan kuwa ko kin cika bayan kati da sa hannu ba za a bar su a ƙofa ba.

To me ya faru da buƙatar da kika tura? Nan ne nake so ki fahimci yadda abin yake daga ciki, domin shi ne tushen damuwarki. Amsar da kika samu cewa an karɓi buƙatarki, kwamfuta ce ta turo. Ma'anarta kwamfutar ta rubuta abin da kika ce, shi ke nan. Daga nan buƙatar za ta gangara zuwa ofishin da ke rabo a unguwarku. Da asuba wani ma'aikaci zai fitar da jerin buƙatun ranar, a takarda ko a na'ura, ya shiga sito da ƙafarsa, ya nemo kayanki a cikin ɗaruruwan kaya, ya kai wurin mai rabon layinku kafin ya loda mota. Duk wannan cikin 'yan sa'o'in da ofishin ya fi kowane lokaci hargitsi, tireloli sun sauke buhuna, kowa na tankaɗe da rairaya. In ɗaya daga cikin matakan nan ya kuɓuce, kayan za su kwana inda suke, kwamfutar kuwa ba ta da labari.

Hanyoyin kuɓucewar ba su da yawa, kuma kusan kullum su ne dai. Wani lokaci buƙatar ta shigo bayan an rufe lissafin ranar. USPS alal misali na cewa in kina son a kawo a ranar, sai buƙatar ta shiga kafin ƙarfe 2 na dare agogon tsakiyar Amurka. Wani lokaci an riga an kai kayan wani reshe na kusa da ke don ki je ki ɗauka, buƙatar kuma ta tafi ofishin rabo inda babu su. Wani lokaci mai aikowa ya rubuta sunanki ba daidai ba, ko ya fara da sunan mahaifi, aka jera ambulan ɗin ƙarƙashin wani harafi, mai nema ya duba bai gani ba ya wuce na gaba. Ambulan siriri ya fi kwali saurin faɗawa wannan matsala, domin yakan maƙale tsakanin manyan kaya ko ya zame bayan kanta. Wani lokaci kuma mai rabon layin yana hutu, wanda ya riƙe masa bai san da zancen ba. Kuma akwai ƙasashen da tsarinsu ma daban yake. Canada Post galibi ba ya sake kawowa, katin kira ne ki je ki ɗauka. Royal Mail kuwa tun 2023 yakan sake gwadawa da kansa a ranar aiki ta gaba ba tare da an roƙa ba. Ba ina kare kowa ba ne. Wanda ya ce zai kawo bai kawo ba ya gaza. Ina dai nuna miki cewa jira kaɗai ba zai warware wannan ƙullin ba, sai wani mutum ya taɓa kayan da hannu.

Wannan ya kawo mu ga lambar bibiya da kika ce ba ta motsa ba. Lambar nan ba ta ganin kayanki. Labarin hannun ƙarshe da ya haska su da na'ura kawai take bayarwa. In babu wanda ya haska, shafin zai tsaya cik ko da kayan sun yi tafiyar kilomita ɗari, haka kuma zai tsaya cik in suna zaune lafiya a kan kanta. Saboda haka tsayuwar lamba bayan an bar kati ba alamar ɓata ba ce, alama ce ta cewa ba a ɗaga su ba.

Ki koyi rarrabe layukan da hannu ya haifar da waɗanda kwamfuta ta ƙirƙira. Layin da ke cewa an yi yunƙurin kai wa, an bar sanarwa, na hannu ne: mai rabo ya haska a ƙofarki. Layin da ke cewa an tsara sake kawowa ranar kaza, na kwamfuta ne, amsa kuwwar abin da kika rubuta ne. Layin da ya kamata ki zuba wa ido shi ne na safiyar ranar da kika zaɓa, wanda ke cewa kaya sun fita rabo. Shi ne ke nuna an ciro su daga sito an sa a mota. In rana ta take ba ki ga wannan layin ba, da wuya ne kayan na cikin motar, kada ki ɓata yininki kina leƙen taga. Akwai kuma layin da ke cewa kaya na jiran a zo a ɗauka, sau da yawa har da sunan reshen. Wannan shi ne izinin tafiya. Kafin ya fito, musamman a ranar da aka bar katin, zuwa ofis wahalar banza ce, domin kayan na cikin mota suna zagaye gari, sai yamma mai rabo zai dawo da su. Shi ya sa katuna da yawa ke rubuta daga ƙarfe nawa ko daga wace rana za a iya zuwa. Layi na ƙarshe, wanda ba ma fatan gani, shi ne mai cewa ana mayar wa mai aikowa.

In takardun daga wata ƙasa suka taso, lambar za ta kasance mai gurbi 13: haruffa biyu, lambobi tara, sai haruffa biyu. Tsari ne na Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya, wadda aka kafa a birnin Bern a 1874, yau kuma take da ƙasashe 192. Harafin farko na faɗin nau'in saƙon: R na rajista ne, E na gaggawa wato EMS, C na manyan ƙunsuna, L na ƙananan kaya masu bibiya. Wanda ya fara da U galibi ba a bibiyarsa a hanya, don haka shirunsa ba abin mamaki ba ne. Haruffa biyun ƙarshe na nuna ƙasar da kayan suka fito, GB Birtaniya, US Amurka, CN Sin, DE Jamus. Lamba ta tara kuwa mai gadi ce, daga sauran takwas ɗin ake lissafo ta don a gane in an yi kuskure wajen rubuta su.   Na kawo wannan ne don ki gane dalilin da ya sa shafi kan ce bai san lambarki ba: sau da yawa lamba ɗaya ce aka kwafa ba daidai ba daga rubutun hannun mai rabo, bakwai ta zama ɗaya, ko sifili ya zama shida. In haka ta faru, ki nemi ainihin lambar daga rasit ɗin mai aikowa. Sannan da zarar kaya sun shigo ƙasar da kike, ki riƙa bibiya a shafin gidan wayar ƙasar, domin shafin ƙasar da suka taso yakan makara da labari, wani lokaci ma yakan tsaya daga bakin iyaka.

To ga abin da zan yi da ni ce ke. Kwana uku sun wuce ranar buƙata, takardu ne masu muhimmanci, wa'adi na tafiya. Ba zan sake cike wata buƙata in zauna jira ba. Zuwa da kai ya fi aike. Sake kawowa abu ne mai kyau a kwanakin farko, lokacin da in an kuskure akwai sauran dama, ko ga wanda ba shi da halin fita, ko in kayan masu nauyi ne. Amma da zarar rabin wa'adi ya tafi, ko an saɓa alkawari sau ɗaya, ni shawarata kullum a je a ɗauka. Kada ki taɓa sa ranar sake kawowa ta zama ranar ƙarshen wa'adi ko jajiberinta, domin in an kuskure a ranar, kayan na dawowa sito za su faɗa cikin jerin masu komawa. Kuma kada ki ɗauka cewa buƙatar da kika tura ta tsayar da ƙirgen kwanaki. Ki ɗauka yana nan yana tafiya, sai fa in wani ma'aikaci ya tabbatar miki da akasin haka.

Abu ɗaya da za ki kiyaye: tunda akwai buƙatarki a rataye, kada ki tashi ki tafi ba tare da kin duba lambar a safiyar ba. Na sha sallamar mutumin da ya zo taga da katinsa, na shiga sito na duba babu, ashe kayan sun fita a mota tun safe saboda buƙatar da shi kansa ya tura. Yana tsaye gabana, mai rabo na buga ƙofarsa. In kin ga sun fita rabo, ki zauna a gida. In ba ki gani ba, ki soke buƙatar a shafin in akwai wurin sokewa, ko ki buga waya ki ce a riƙe miki za ki zo. In za ki samu lambar ofishin da ke riƙe da kayan, ta fi babban layin ƙasa amfani nesa ba kusa ba, domin ma'aikacin babban layi allon da kike gani shi ma yake gani, na ofis kuwa yana iya ajiye waya ya shiga sito ya duba da idonsa. Ki buga da hantsi bayan motoci sun fita, lokacin an samu sararawa.

In za ki je, ki riƙe katin, da katin shaida na hukuma mai hoto, da lambar bibiya a rubuce. In adireshin da ke katin shaidarki ba shi ne na kan ambulan ba, ki haɗa da wata takarda mai sunanki da adireshin yanzu, kamar takardar kuɗin wuta ko ta banki. In sunan da aka rubuta a kan saƙon ba shi ne na katin shaidarki ba, wato an sa laƙabi ko sunan da kika daina amfani da shi, ki tafi da duk abin da zai haɗa sunayen biyu. Ma'aikacin taga ba taurin kai yake yi ba in ya tsananta a nan. In ya miƙa takardunki ga wani da ba ke ba, shi zai amsa tambaya, ke kuma ke za ki yi asara. In katin ya ɓace, kada wannan ya hana ki zuwa, lambar bibiya da katin shaida galibi sun wadatar. In wakili za ki tura, ki ba shi katin, ki sa hannu a wurin wakilci ko ki rubuta masa takardar izini mai sunansa da lambar kayan, ya tafi da nasa katin shaidar. Wasu wuraren, kamar Royal Mail, shaidar mai sunan suke son gani ko da wani ne ya zo, saboda haka ki duba abin da katin ya ce kafin ki tayar da mutum.

Akwai wani haɗari da ya fi kusa da ke a 'yan kwanakin nan fiye da kowane lokaci, kuma ina roƙonki ki ɗauke shi da gaske. 'Yan damfara na watsa saƙon tes ga dubban mutane a lokaci guda, da sunan gidan waya, cewa an kasa kawo miki kaya, ki latsa nan ki biya ɗan kuɗi kaɗan a sake kawowa. Ba su san kina jiran komai ba, jifa suke a duhu. Amma wanda ke jiran kaya da gaske, hankalinsa a tashe, shi ne jifan ke samu. Ɗan kuɗin da suka ambata ba shi suke so ba, lambobin katin bankinki suke so, kuma sau da yawa bayan kwana ɗaya ko biyu wani zai kira ya ce daga banki yake, an ga motsi a asusunki, ki mayar da kuɗinki wani asusu. USPS da Royal Mail duka ba sa karɓar ko sisi don sake kawo kaya adireshinki. USPS ba ya turo tes sai in ke kika nema da lambar kayanki, kuma saƙonsa ba ya zuwa da mahaɗin latsawa. In akwai kuɗin kwastam ko cikon kuɗin aike na gaskiya, Royal Mail kati mai ruwan toka yake bari, daban da jan katin da aka saba. Ƙa'idar mai sauƙi ce: kada ki shiga ta ƙofar da saƙo ya buɗe miki, ki rubuta adireshin shafin gidan wayar da hannunki, ki sa lambar da ke kan katinki. A Amurka da Birtaniya ana tura irin wannan tes ɗin zuwa 7726 don kai rahoto.

Tunda kin ce takardu ne masu muhimmanci, bari in ƙara wannan. In daga kotu ko wata hukuma suke, barinsu a gidan waya ba ya tsayar da komai. A wasu ƙasashe doka na ɗaukar wasiƙar rajista da aka bar wa kati kamar an damƙa ta, ko an ɗauka ko ba a ɗauka ba. A Suwizalan misali, takardar kotu da ba a je an karɓa ba ana lissafa ta a matsayin wadda ta isa a rana ta 7 bayan yunƙurin kai ta, matuƙar mutum na da dalilin sa ran zuwanta, kuma daga nan wa'adin amsa ko ɗaukaka ƙara ke fara tafiya.

In kuma, Allah ya kiyaye, kika duba kika ga an fara mayarwa, ki buga wa ofishin nan take, domin wani lokaci an haska kayan a matsayin masu komawa amma buhun bai bar ginin ba. In ya tafi, mai aikowa za ki nema, a ranar. Shi ne ya biya kuɗin aike, rasit na hannunsa, galibi shi ke da hurumin buɗe bincike da neman diyya, sai dai in ya sallama miki haƙƙin. Ga saƙon ƙasa da ƙasa, dokokin ƙungiyar duniya sun ba da wata 6 daga washegarin ranar aikawa don shigar da ƙorafi. Ki tambaye shi ko ya rubuta adireshinsa a bayan ambulan ɗin, domin saƙon da babu inda za a mayar da shi yakan ƙare a cibiyar kayan da suka rasa mai su, irin ta USPS da ke Atlanta ko ta Royal Mail da ke Belfast, inda ake buɗewa a nemi wata alama ta mai shi. A takardar da ke raka manyan ƙunsuna na ƙasa da ƙasa ma akwai gurbin da mai aikowa ke zaɓar ko a dawo masa da su in an kasa bayarwa ko a ɗauke su a matsayin waɗanda ya bari, saboda haka yana da kyau ki san wanne ya zaɓa.

Amma ke ba ki kai nan ba, kwanakinki da saura. Gobe da safe ki duba lambar. In ba ta ce sun fita rabo ba, ki ɗauki katinki da shaidarki ki nufi ofishin da aka rubuta a katin. Da kin isa taga, kafin sunanki ki fara faɗa wa ma'aikacin ranar da aka bar katin da sunan titinku, ki kuma ce masa ambulan ne ba kwali ba, domin da waɗannan ake jera kaya a sito, kuma wasiƙun rajista galibi a wani wuri daban ake kulle su. In ya dawo ya ce bai gani ba, ki roƙe shi cikin ladabi ya duba ƙarƙashin sunan mahaifinki, ya kuma duba tarin kayan da aka ware don sake kaiwa, wataƙila an ciro naki an ajiye a can ba a loda ba. In ya fito da shi, ki juya ambulan ɗin ki duba bakinsa da kusurwoyinsa kafin ki sa hannu. In akwai yagewa ko alamar ruwa, ki nuna masa a rubuta a wurin, kina tsaye.